Labulen Duhu da Barcin Yara: A Tare Haske, Kada a Tare Iska

Iyaye mata masu fama da reno, sannunku da ƙoƙari. Iyaye maza, ku ma ku matso kusa da rediyo. Maganar yau ba ta mata kaɗai ba ce. Duk gidan da yaro ya kwana yana rigima, maigida ma bai runtsa ba.

Sharhinmu na yau a kan labule ne. I, labule. Amma ba irin wanda ake rataya wa amarya a ƙofar ɗaki don ado ba. Wannan mai kauri ne, haske ba ya ratsa shi. Ana manna shi a taga, ɗaki ya yi duhu dunɗum ko da tsakar rana ce. In tafiya ta kama, a ɓamɓare shi, a naɗe, a jefa cikin jaka. Masu sayar da shi suna cewa yana sa yara barci. Wasu ma, in ka ji tallarsu, sai ka rantse da zarar an manna shi kukan dare ya ƙare a gidan.

To, gaskiya ne? Amsata a taƙaice ita ce, yana da amfani, amma da sharaɗi. Sharaɗin kuwa shi ne wanda za ku yi ta ji a bakina yau har mu rabu: a tare haske, kada a tare iska.

Bari mu fara da inda abin ya fito.

Wannan labule ba don mu aka ƙirƙire shi ba. An yi shi ne don ƙasashen da ke can arewacin duniya, inda rana take daɗewa ba ta faɗi ba a lokacin zafinsu. Ku ɗauki birnin Landan a watan Yuni. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Kafin ƙarfe 5 na asuba kuma ta sake fitowa. Yanzu ku dubi halin da uwa take ciki a can. Ƙarfe 7 ya yi, ta yi wa ɗanta wanka, ta kai shi gado, ta ce dare ya yi, a kwanta. Yaro ya dubi taga, ya ga rana tar. Wa zai yarda? In an samu ya yi barcin da ƙyar, kafin ƙarfe 5 haske ya leƙo, ya miƙe zaune, ya tashi kowa. In kuka ƙara gaba zuwa garin Tromso a arewacin ƙasar Norway, can rana takan yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba sam. 'Yan'uwanmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe sun san zancen. Ko a azumi ma sun sha labarinsa.

Toshe taga da baƙin yadi ba baƙon abu ba ne ga Turawan Ingila. A shekarar 1939, da yaƙin duniya na biyu ya taso, gwamnati ta tilasta wa kowane gida ya rufe tagoginsa da dare, don kada jiragen yaƙin Jamus su hangi hasken gari. Wancan an yi shi don kada haske ya fita. Na yau kuwa don kada ya shigo.

Ga kamanninsa, ga wanda bai taɓa gani ba. Yadi ne baƙi, mara nauyi, mai faɗin da zai rufe babbar taga. A gefe-gefensa an jera wasu 'yan robobi zagayayyu. In ka danna robar a jikin gilashi sai iskar cikinta ta fita, ta kama gam, kamar yadda ƙahon wanzami yake kama fata. Akwai kuma maɗauri irin na takalmin yara, wanda yake ƙara in an ɓalle shi. Da shi ake tattare yadin in tagar ƙarama ce. Ba ƙusa, ba guduma, ba ɓata bangon gidan haya. Shi ke nan abin. Ba wani sihiri a ciki.

Yanzu mu zo kan tambaya ta biyu. Mene ne haɗin duhu da barci?

Allah ya sanya agogo a jikin ɗan'adam. Agogon nan yana cikin ƙwaƙwalwa, kuma da hasken da ke shiga ido yake saita kansa. In duhu ya yi, wani ɗan ƙaramin sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa yakan fara sakin sinadarin da ake kira melatonin. Shi ne yake sanar da jiki cewa dare ya yi. In haske ya bugi ido, sai a rage sakinsa, jiki ya ɗauka har yanzu da sauran rana. Wani likitan fata mai suna Aaron Lerner ne ya gano wannan sinadari a jami'ar Yale ta Amurka a 1958. A 2017 kuma wasu masana uku 'yan Amurka suka karɓi kyautar Nobel saboda bayanin yadda agogon jikin yake aiki. Don haka ba zancen 'yan talla ba ne. Ilimi ne da ya zauna da gindinsa.

Abin da ya fi shafarmu shi ne, idon yaro ba ɗaya yake da na babba ba. Ƙwayar idonsa ta fi buɗewa, cikin idon kuma ya fi tsabta, don haka haske ya fi shiga. A jami'ar Colorado da ke Amurka an yi gwaji da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, aka fitar da sakamakon a 2018. An sa su wasa a gaban haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin lokacin kwanciyarsu. Da aka auna, sinadarin nan ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Bayan an kashe hasken ma bai dawo nan take ba. Kusan awa guda ta wuce yana ƙasa. Da suka sake gwajin bayan wasu shekaru, sai suka tarar ko haske mara ƙarfi ma yana rage shi ƙwarai.

Ku lura da wannan, iyaye. Hasken da kai babba ba ka ɗauke shi a bakin komai ba, a wurin yaro rana ce.

Kuma yaro yana bukatar barci mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar awa 11 zuwa 14 a kowace rana, har da barcin rana. Ba zan cika ku da alƙaluma ba. Ku dai riƙe cewa kusan rabin yinin ƙaramin yaro na barci ne. Wanda bai samu ba, kowa ya san shi. Shi ne mai kuka ba dalili, mai jifa da kwano, mai ƙin abincin da jiya ya lashe.

To, mu dawo gida. Mu da muke Kano ko Zinder ko Marwa, ina ruwanmu da ranar Landan?

Tambaya ce mai kyau. Mu Allah ya hutar da mu. A Kano, duk shekara, rana tana faɗuwa ne tsakanin wajen ƙarfe 6 da ƙarfe 7. Ana kiran magariba duhu ya fara, kafin isha ya gama rufawa. Rana ba ta taɓa hana yaronmu barcin dare ba. Da a ce rana ce kaɗai matsalar, da sai in ce ku bar musu labulensu, mu yi sallama.

Amma hasken da ke damun yaranmu ba daga sama yake zuwa ba. Mu muke kunna shi da hannunmu. Ƙwan tsaro na maƙwabci, fari fat, yana kallon tagar ɗakin yara har gari ya waye. Fitilar sola da aka kafa a bakin layi, wadda muka yi murna da zuwanta, ita ma ba ta san dare ya raba ba. Gidan da ke bakin titi, kowace mota ta wuce sai fitilarta ta share bangon ɗaki. Gine-ginenmu ma sun sauya. Ɗakin ƙasa na kakanninmu yana da kaurin bango da 'yar ƙaramar taga can sama. Da rana ma in ka shiga sai idonka ya ɗan daɗe kafin ka ga tabarma, ga shi da sanyi. Yanzu kuwa bulo ne da kwano da faffaɗan gilashi. Mun samu haske, mun yi asarar inuwa.

A irin waɗannan gidaje labulen duhu yana da aiki. Yana da aiki kuma wajen barcin rana. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ya kamata yaro ya ɗan yi ƙailula, shi ne lokacin da rana take tsakar ƙarfinta. Wasu yaran ba ruwansu, ko a tsakar kasuwa aka goya su sai barci. Wasu kuwa in suna ganin komai a ɗaki, komai abin wasa ne. In aka rage haske sai idon ya rasa abin kallo, ya haƙura.

Sai kuma tafiya, wadda ita ce dalilin da ya sa aka yi shi na naɗewa. Mu mutane ne masu zumunci. Sallah ta zo, a kwashi yara a tafi gida. Biki, suna, ta'aziyya, hutun makaranta a gidan kaka. Yaro ya tsinci kansa a ɗakin da bai sani ba, da tagar da ba ta da labule, ko mai labule shara-shara. Daren farko sai a hankali. In uwa tana da abin da za ta rufe tagar da shi, ta rage wa kanta wahala ɗaya daga cikin goma.

Amma ku tsaya. Akwai hasken da labule ba ya iya masa komai. Wannan kowa ya san shi. An ɗauke wuta da magariba, an kwanta ba a kashe makunni ba. Ƙarfe 2 na dare aka kawo wuta. Ƙwai ya kama, talabijin ya ɗauka da ƙarfi, yara suka farka gaba ɗaya. Wannan ba laifin taga ba ne. Haka uwar da ta kwanta kusa da ɗanta tana latsa waya, hasken yana dukan fuskarsa. Haka uban da ya miƙa wa ɗan shekara biyu waya, wai ya kalli katun har barci ya ɗauke shi. Ka sayi labule mai tsada ka toshe hasken waje, sannan ka ɗora masa haske a kan hanci? Kafin a kashe ko kwabo, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A kashe makunni kafin a kwanta. A rage fitilu bayan isha. A ajiye waya awa guda kafin lokacin barcin yaro.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Wannan shi ne sashen da na fi so ku ba ni kunnuwanku.

Na ce muku robobin nan a jikin gilashi suke kamawa. Ma'ana, sai an rufe taga kafin a manna labulen. A Ingila wannan ba komai ba ne. Ƙungiyar Lullaby Trust ta can, mai wayar da kai a kan barcin jarirai, tana ba da shawarar ɗakin jariri ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20 a ma'aunin zafi. Wannan a wurinmu ai sanyin hunturu ne, lokacin da ake neman bargo. Mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi yana haura digiri 40. Kwanon rufi ya sha rana tun safe. Bango yana huci har tsakar dare. A irin wannan ɗaki ka rufe taga ruf, ka ƙara mata baƙin yadi, ka kwantar da jariri, ka ja ƙofa? Garin neman gira sai a rasa ido.

Jariri ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar babba. Ba zai iya tashi ya buɗe taga ba. Ba zai iya cewa Mama zafi nake ji ba. Likitoci kuma sun daɗe da lissafa yawan zafi a cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai ta farat ɗaya a cikin barci. Don haka nake maimaitawa. A tare haske, kada a tare iska.

Yaya za a yi ke nan? In kuna da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta riƙe ta, to madalla, sai dai a tuna wuta tana iya ɗaukewa ana barci. In ba ku da ita, kuma yawancinmu ba mu da ita, kada a manna labulen a gilashi. A bar taga a buɗe. A rataya yadin daga ciki, ya ɗan ja baya da taga kamar tsawon tafin hannu, yadda iska za ta zagayo ta gefe da ta ƙasa. Ɗan haske zai sato, ba laifi. Ba duhun kabari muke nema ba. In ɗakin yana da taga biyu, a rufe wadda hasken ke shigowa ta cikinta, a bar ɗayar. In akwai fanka a kunna, amma kada a saita ta kai tsaye a kan jariri.

Kuma a riƙa duba shi. Ki sa hannu a ƙeyarsa ko a ƙirjinsa. In kin ji gumi, ko jikin ya ɗau zafi, a rage masa kaya, a buɗe ɗaki. Tafin hannu da tafin ƙafa ba sa faɗin gaskiya, sukan yi sanyi ko da jikin yana zafi. In dare ya kai dare a bazara, irin wanda kowa yake fitowa tsakar gida da tabarmarsa, to labule ya huta. A kafa gidan sauro a waje a kwanta. Barci da ɗan haske ya fi duhu da zufa.

Tunda na ambaci gidan sauro, bari in faɗa a fili. Labule ba ya maye gurbinsa. Sauro ma duhu yake so. Kowane yaro ya kwana a cikin gidan sauro mai magani, da labule ko babu.

Akwai kuma hayaƙi. Ɗakin da aka toshe yana riƙe duk abin da ya shiga cikinsa. Maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, kaskon garwashi da ake shigarwa lokacin hunturu, da uwa uba janareta da aka ajiye a baranda ko a bayan taga. Garwashi da janareta suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mai barci ba ya jin shigarta. Mun sha jin labarin gida guda da aka wayi gari ba wanda ya tashi. Janareta ya yi nesa da taga. Garwashi kada ya kwana a ɗaki. A tare haske, jama'a, kada a tare iska.

Wani kuskuren da ake yi shi ne a ce tunda duhu ake so, bari a lulluɓe yaron kawai. A yafa bargo a kan gadonsa, ko a rufe keken turawa da zane mai kauri, ko a ja mayafi a rufe kan goyo gaba ɗaya a tsakar rana. A'a. Taga ake rufewa, ba yaro ba. Ƙarƙashin lulluɓi zafi yana taruwa da sauri, iska tana ƙaranci, kuma ba kya ganin fuskarsa. Jariri a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙarfi, fuskarsa a buɗe, a ɗakin da uwarsa take.

Sai shi kansa labulen. Robobin nan sukan saki, musamman in gilashi ya yi ƙura, kuma ƙura ai ba baƙuwarmu ba ce. In gadon yaro yana ƙarƙashin taga, yadin a kansa zai faɗo. A janye gadon. In labulen yana da igiya, a naɗe ta can sama inda hannu ba ya kaiwa. Igiyar labule ta shaƙe yara da dama a ƙasashen Turai da Amurka, har Birtaniya ta tsaurara ƙa'idar ƙera su a 2014. Masu toshe taga da baƙar leda kuma, don Allah a bari. Leda da ƙaramin yaro ba sa zama ɗaki ɗaya.

Yanzu kalma ɗaya ga masu jego, da kakannin da ke kula da su in an zo wankan gida.

Sabon jariri ba ya zuwa da agogonsa a saite. Bai san dare ba, bai san rana ba. Sai ya kai wajen wata biyu zuwa uku kafin jikinsa ya fara bambancewa. Da me yake koyo? Da haske. Saboda haka in aka ajiye shi cikin duhu dare da rana, an hana shi darasin. A makonnin farko, da rana a ɗage labule, ya yi barcinsa cikin hasken gida da motsin mutane. Da dare a rage fitila, a rage murya, a shayar da shi ba tare da wasa ba. Nonon uwa ma yana taimakawa, domin na dare yana ɗauke da sinadarin nan na barci fiye da na rana.

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Shawara. Jarirai da yawa idonsu da fatarsu sukan yi rawaya a makon farko. A hasken rana ake gane ta da kyau. A ɗaki mai duhu tana iya yin nisa ba wanda ya lura, kuma in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kowace safiya a fito da jariri inda haske yake, a dubi farin idonsa. In an ga rawaya, asibiti za a nufa, ba jira.

Ko yaron da ya girma ma, gari na wayewa a yaye labulen. Hasken safe shi ne yake saita agogon jiki don daren da ke tafe. Duhu da dare, haske da safe. Biyun tare suke aiki.

To, wanda ya ji yana so, dole ne sai ya yi odar na waje? Ko kusa. Wannan aikin tela ne na unguwa. A auna taga, a ƙara kamar taƙi guda ta kowane gefe, domin ta gefe haske yake satowa. A shiga kasuwa, ko Kantin Kwari ko wadda ta fi kusa, a nemi yadi mai kauri. Ga yadda za ka gwada shi tun a gaban mai shago: kunna tocilar wayarka, ka ɗora yadin a kai. In ka ga haske ya ɓullo, a ninka shi biyu ko a nemi wani. A gaya wa tela ya yi masa fuska biyu, mai duhu ta ciki, fara ta waje. Farin yana mayar da zafin rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Ya sa masa 'yan madauki gajeru a sama, waɗanda za a iya saƙalawa a ƙarfen taga. Yawancin tagoginmu ai suna da ƙarfen tsaro, kuma ya fi roba riƙo. In tafiya ta zo a ninke shi tare da kayan yara. Wanda bai da halin wannan ma, kwali da aka yanka daidai rabin taga yana tare hasken fitilar maƙwabci. Wani lokacin kuma maganin ya fi haka sauƙi. Sallama za ka yi wa maƙwabcin, ka roƙe shi ya ɗan karkatar da ƙwan nasa.

Kafin mu rufe, bari in faɗi abin da labule ba zai yi ba, don kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ba ya maganin yunwa. Ba ya maganin haƙori in yana fitowa. Ba ya maganin ciwon kunne ko zazzaɓi. Yaron da jikinsa ya yi zafi yana kuka, gwajin jini yake bukata, ba duhu ba. Jariri kuma dole ya farka da dare ya sha nono, haka aka halicce shi. Wasu yaran in sun kai shekara biyu ko uku sukan fara tsoron duhu, musamman waɗanda ake yi wa barazana da dodo. Irin wannan kada a tilasta masa. A sa masa 'yar fitila mara ƙarfi, mai launin ja ko ruwan goro, a ajiye ta ƙasa nesa da idonsa. A kuma daina kiran dodo.

Abu ɗaya ne zan roƙe ku da babbar murya. Kada gajiya ta kai ku ga ɗura wa yaro maganin mura ko na ƙaiƙayi don ya yi barci. Ana yi, mun sani, kuma haɗari ne. A Amurka ma, inda ake sayar da sinadarin melatonin a siffar alewa, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoto a 2022 cewa yawan yaran da aka sanar sun sha shi ya ninka fiye da sau shida cikin shekara goma. Jikin yaro yana yin nasa sinadarin kyauta. Duhu kawai yake jira. Kowane irin magani, sai da izinin likita.

Hukuncina ke nan, masu sauraro. In haske yana shigo wa yaronku ta taga, labulen duhu ya cancanci kuɗinsa, kuma na tela ya wadatar. In ba haske ne matsalar ba, ku riƙe kuɗinku.

Uwar gida, yau in an yi isha, ki kashe fitilar ɗakin yara. Ki durƙusa daidai inda kan yaron yake kwanciya, ki duba ta ina haske yake shigowa. Maigida, kai kuma ka tsaya a wurin ka ji ko iska tana kaiwa. Abin da kuka gani shi za ku gyara. A tare haske, kada a tare iska.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba iyaye ladan reno. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A kwana lafiya.